Martani: A Kasuwar Singa Ba a Tafiya Ba Sallama

Ɗan ƙanwata da ke tsaron shago a Kasuwar Singa ne ya kawo mini wani rubutu kan neman sabon wurin aiki. Ya ce, "Kawu, karanta wannan ka gaya mini ko gaskiya ne." Na karanta har sau biyu. Marubucin mutum ne mai hankali, kuma daga yadda ya jera maganarsa za ka gane tausayin matasa ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Wannan ne ma ya sa na ga dole in mayar masa da martani, domin maganar mai tausayi ta fi saurin shiga kunne, in kuwa ta karkace ɓarnarta ta fi yawa.

Ga abin da ya ce. Duk ma'aikacin da ya fara neman wani wurin aiki, ya kama bakinsa, kada ya kuskura maigidansa ya ji. A ganinsa, ranar da maigida ya ji, ranar zai kore ka, ka rasa nan ba ka samu can ba. Ya ce neman gaba sirrinka ne, tsakaninka da maigida aiki ne da lada, kuma shi ma in zai sallame ka ba ya shawara da kai. Ya ƙara da cewa in ka faɗa kuma nema bai yi ba, ka zauna ke nan ana yi maka kallon mai ƙafa ɗaya a waje. Mafi nauyin hujjarsa ita ce ta ƙarshe: mugun maigida zai iya zagayawa ya ɓata ka a wurin da kake nema, ko ya ɗora maka sata. Saboda haka ya ba da shawara a yi nema a ɓoye, in ana bukatar fita a nemi wani uzuri, sai magana ta tabbata sannan a faɗa. Ya kuma ambaci yaran shago na kasuwannin Kano cikin waɗanda yake yi wa wannan nasiha.

Da ya tsaya kan ma'aikacin banki ko na kamfanin waya, da ban ce uffan ba. Wancan yana da takardar ɗaukar aiki, albashinsa na shiga asusu, wanda zai ɗauke shi a Legas ko Abuja takardun makaranta zai duba, kuma manajan da ya bari ba zai taɓa haɗuwa da sabon ba. Amma malam ya ɗauko maganin wannan ciwo ya miƙa wa mai wani ciwon daban. Singa na sani, na yi shekara shida ina kwana da tashi a cikinta, kuma ina cewa shawarar nan za ta cuci yaran da yake son taimako.

Mu fara da ɓoyewar kanta. A ina za a ɓoye? Kasuwar nan da ta ci sunan kamfanin keken ɗinki, ga ta nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, taku kaɗan daga Kantin Kwari da Kasuwar Abubakar Rimi. Daga nesa za ka ga teku ce ta mutane: tireloli na sauke sukari da fulawa da shinkafa, ana lodin katan-katan na taliya da madara da sabulu zuwa Katsina da Haɗeja da Maraɗi da Damagaram. Amma wanda ke ciki ya san ƙauye ce. Ɗan dakon da ya ɗauki buhu a sitonmu da hantsi shi ne zai sauke wa maƙwabcinmu kaya da azahar. Mai kurar da ya gan ka zaune a bencin wani Alhaji a wancan layin, da maigidanka zai yi lissafi da yamma. Mai shayi ɗaya ne, mai POS ɗaya ne, sahun sallah ɗaya ne. Su kansu masu shagunan surukan juna ne, abokan tafiya Umara ne, a wurin dila ɗaya suke sarin kaya. Shin malam yana tsammanin Alhajin da yaro ya je wurinsa zai damƙa masa makullin sito ba tare da ya ɗaga waya ya tambayi inda ya fito ba? Wa zai ba baƙo amanar kayan miliyoyi a kan kyan fuskarsa?

Ni na gwada wannan hanya, ba labari aka ba ni ba. Wani mai shago a layin bayanmu ya yi mini tayi, na je wurinsa sau uku bayan la'asar, kowane zuwa ina ce wa maigidana zan leƙa mahaifiyata a asibiti. Tun zuwa na farko labari ya riga ni komawa shago. Ashe zaɓin da ke gabana bai taɓa zama tsakanin ya sani da kada ya sani ba. Zaɓin shi ne daga bakin wa zai ji, nawa ko na ɗan dako. Kuma labarin da ya zo ta bakin wani ba ya zuwa shi kaɗai, da ƙari yake zuwa: an gan shi yana nuna musu lambobin kwastomomi, an ji yana faɗin farashin da kake sayo kaya.

Sai batun uzuri, wanda marubucin ya wuce da sauri kamar ƙaramin abu. Uzurin da ba gaskiya ba sunansa ƙarya. Yaron shago kuwa ba shi da wata kadara da ta wuce a yarda da maganarsa. In ya ce katan arba'in suka rage a sito, arba'in ne. In ya ce mutumin Gumel ya turo kuɗi, ya turo. Ranar da aka kama shi ya yi ƙarya da ciwon mahaifiyarsa, ranar za a koma a sake duban duk wata magana da ya taɓa faɗa a shekarun da suka wuce. Riƙe sirri halal ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba wanda ya ce yaro ya riƙa shelar duk tunanin da ya ɗarsu a ransa. Amma daga riƙe tunani zuwa ƙirƙirar ta'aziyyar da ba a yi mutuwar ba, akwai tazara mai nisa, kuma malam ya haɗe su wuri guda.

Hujjarsa ta cewa tsakanin yaro da maigida aiki ne da lada kawai, nan ne na ga bai zauna da mutanen kasuwa ba. A tambayi yaran Singa nawa ake ba su. Da yawansu kuɗin abinci ne da na mota, sai ɗan abin da aka cusa musu a aljihu ranar da ciniki ya yi kyau, sai ɗinkin sallah, sai in aure ya zo maigida ya tsaya. In don wannan ne kaɗai, da ba wanda zai yi shekara bakwai yana buɗe shago da sassafe. Abin da yaro yake tarawa ba ya shiga aljihu. Yana koyon lokacin da sukari ke tashi gabanin azumi, da wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, da yadda ake magana da direban da ya makara. Yana tara fuskoki. Sama da komai yana jiran ranar sallama, ranar da maigida zai ware masa jari, ko ya ba shi kaya a kan amana, ko ya riƙe hannunsa ya kai shi wurin dila ya ce, "Wannan yarona ne, ku ba shi, ni na tsaya masa." Wannan kalma ita ce albashin shekarun nan duka, kuma a bakin mutumin da ake cewa a ɓoye wa take.

Ba yau aka fara ba. Fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro, a kan wannan tsari suka yi arziki. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, daga fataucin goro ya fito, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 harkar gyaɗa ta buɗe, da yaransa da wakilansa ya yi ta, yana ba su kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 inda ya bayyana yadda ake sayar da shanun Arewa bashi ga mahauta ba tare da takarda ba, maigida ne kawai ke tsayawa a tsakani da sunansa. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne kowa ya san wanda ya ci amana ba shi da wurin zuwa. Yau akwai waya, akwai tiransifa, akwai rasit, amma har gobe kaya na fita daga Singa a kan "zan turo ranar Laraba". Ta yaya za a ce wa yaron da zai rayu a cikin wannan tsari ya fara rayuwarsa da karya ƙa'idarsa ta farko?

Yanzu ga hujjar da ba zan raina ba, ta mugun maigida. Akwai su. Na san yaran da suka yi shekara goma aka sallame su da "Allah ya yi albarka" da kuɗin mota. Na san wanda da ya ce zai tafi, a ranar aka tuna cewa buhu ashirin sun ɓata tun bara, aka kira 'yan sanda. Na ga yaro yana kuka a bakin sito, ba don ya ɗauki komai ba, sai don ba shi da wanda zai ce bai ɗauka ba. Duk wanda ya musanta wannan bai faɗi gaskiya ba, kuma tsoron da marubucin yake ji wa yara tsoro ne na gaske.

To amma mu bi maganar zuwa ƙarshenta. Wane yaro ne ya fi sauƙin a ɗora wa sata: wanda ya zo da rana tsaka tare da babbansa ya ce a ƙirga kaya a gaban shaidu, ko wanda aka wayi gari ba a gan shi ba, bayan kwana uku aka hango shi a shagon abokin gasa? Na biyun ya riga ya rubuta wa kansa takardar tuhuma. Ko bai ɗauki allura ba, kasuwa za ta ce ai mai gaskiya ba ya sulalewa. Mugun maigida ba abin da yake so irin yaron da ya gudu, domin gudun ya ba shi hujjar da ba shi da ita. Ɓoyewa ba ta raba ka da sharrinsa, tana dai raba ka da masu kare ka.

Kariyar da kasuwa ta tanada tun da daɗewa ita ce wanda ya kawo ka. Kusan ba yaron da ke shiga shago a Singa da ƙafarsa kawai. Uba ne ya kawo shi, ko kawu, ko malamin makarantar allo, ko wani dattijon unguwa. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Yaro ya fara zuwa wurin wannan mutum ya gaya masa. Sannan ya gyara littafinsa: bashin da ya bayar da hannunsa ya bi ya karɓo ko ya rubuta sunan mai shi, kayan sito su yi daidai da takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai su je tare, ba a tsakiyar ciniki ba, a gida ko bayan an rufe shago, babban ya yi magana: "Alhaji, yaron nan naka ne, ya ga wata hanya, mun zo neman izininka da albarkarka." Maigidan da zai iya wulaƙanta yaro shi kaɗai, da wuya ya yi haka a gaban sa'ansa. In kuma ya ƙi ji, akwai shugabannin layi da na ƙungiyar 'yan kasuwa, waɗanda sulhu irin wannan shi ne aikinsu na kullum. Su ma tambayar farko da za su yi ita ce, yaron ya yi sallama?

Wataƙila malam zai ce ai akwai doka. Akwai, kuma ya kamata yara su san ta. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 7, ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa. Sashe na 11 ya tsara sanarwar rabuwa, kuma ya hau kan ɓangarorin biyu: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda ke tsakanin shekara 2 da 5, wata guda ga wanda ya kai shekara 5. Wato ita kanta dokar ba ta yarda a tashi a tafi haka kawai ba. Amma yara nawa ne a Singa ke da wannan takarda? Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000, wanda Kano ta mayar 71,000 ga ma'aikatanta, dokarsa ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shaguna nawa ne kuwa suka kai haka? Yaron da ba shi da takarda, ba shi da kuɗin lauya, shaidar mutane ce kotunsa. Shawarar da za ta sa ya zubar da wannan shaida ta bar shi ba tsuntsu ba tarko.

Inda marubucin ya yi gaskiya ƙwarai shi ne da ya ce maigida ba ya shawara da yaro in zai kore shi. Wannan zalunci ne, kuma da a kansa ya yi rubutun da na sa hannu a ƙasa. Iyayen gidanmu na Singa, ku ji wannan: rabin yaran da ke sulalewa, ku kuka koya musu. Kun ɗauki yaro ba ku yanka masa lada ba, ba ku sa masa wa'adi ba, in ya tambaya ku ce "ka dai yi haƙuri, muna sane da kai", har gemu ya fito masa, har ya yi 'ya'ya. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Kano, daga Risala har Muhtasar, sun sharɗanta a san lada a kuma san wa'adi ko aikin kafin ijara ta inganta. A Suratul Ƙasas, aikin da Annabi Musa (AS) ya yi a Madyana da adadin shekaru aka ƙulla shi, takwas, in ya so ya cika goma, kuma da ya cika wa'adi ya tafi da iyalinsa. Maƙwabtanmu Inyamurai a Sabon Gari, in za su ɗauki yaro, iyaye ke zama a faɗi shekarun da zai yi da sallamar da za a yi masa. Me ya hana mu? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin motar da ake ba yaro daga Rijiyar Lemo ko Kurna ba ya kai shi ya dawo da shi. Yaron da ya zo ya ce yana neman gaba ba butulu ba ne, mutum ne mai iyali a gabansa. Wanda ya kore shi don ya faɗi gaskiya, ya sani ya gaya wa sauran yaran shagonsa cewa su yi masa ƙarya.

Amma laifin maigida ba ya zama izini ga yaro. In an zalunce ka ta hanyar rashin sanarwa, maganin shi ne a tilasta sanarwa a kan kowa, ba a yafe wa kowa ita ba.

Batun cewa in nema bai yi ba za ka zauna a matsayin abin zargi, ba zan daɗe a kansa ba. Yakan faru. Amma sau da yawa maganar ce ke tayar da maigida daga barci, ya tuna yaron nan ya girma, a zauna a yi zancen kamasho ko na jari da aka shekara ana kaucewa. Wanda kuma aka kama yana nema a ɓoye, nema bai yi ba, zamansa ya fi wannan ɗaci nesa ba kusa ba.

Matsayina ke nan, kuma ban sassauta ba. Muddin tunani ne a zuciya, naka ne, ka yi shawara da iyayenka, ka yi istihara, ba hakkin kowa ba ne ya ji. Amma kafin ka taka ka zauna a gaban wani mai shago kuna zancen aiki, maigidanka ya ji, daga bakinka ko bakin wanda ya kawo ka, littafinka a gyare, kuma ka ba shi lokacin da zai sa wani a gurbinka. Kada ka tafi ana saura mako guda azumi. Kada ka tafi da lambobin kwastomominsa a matsayin guzuri.

Ni ban yi haka ba. Na aika wani ya kai makulli, na koma layin baya. Sabon maigidana ya karɓe ni da fara'a, amma har na bar wurinsa bai taɓa ba ni makullin sito ba, kuma sai daga baya na gane dalili: ya ga yadda na bar na farko. Da na tara ɗan abin da na tara na so in tsaya da ƙafata, na je wurin wani dila neman fulawa a kan amana. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Wa ya sallame ka?" Na rasa amsa.

Baffana ne ya raka ni gidan tsohon maigidana bayan sallar isha'i. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma bai taɓa zargina da ɗaukar ko sisinsa ba, amma ba zai iya tsaya mini a wurin dila ba, domin in an tambaye shi yadda muka rabu, abin da ya faru zai faɗa. Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da na ce mahaifiyata na asibiti, har kuɗi ya ba ni in saya mata lemo. Shekara uku na yi ina sayen kaya kuɗi hannu, buhu biyar, buhu goma, kafin wani ya yarda ya ba ni bashin farko.

Ɗan ƙanwata ya samu tayi a wani shagon man girki, kuma tayin mai kyau ne, na ce ya karɓa. Na sa shi ya kwashe mako guda yana daidaita littafin bashi da kayan sito. Ni na kai shi wurin maigidansa shekara huɗu da suka wuce, don haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ni zan raka shi.